Ƙyauren Ezekiya

A Nassarawo, in ka tambayi gidan Ezekiya sai an ɗan tsaya tunani. In ka ce mai wanki, a ce maka wanne daga ciki. Amma ka ce mai ƙyaure, ko mace ce a bakin murhu za ta nuna maka hanya da ludayin da ke hannunta.

Mutumin ƙauyen Betso ne. Ya shigo Mubi a shekarar da aka raba Gongola aka ce yanzu sunan jiha Adamawa, shi da matarsa Dokas, da tabarma, da tukwane, da ƙyauren ɗaki. Kawunsa Ishiyaku, wanda ya koyi aikin katako a wurin 'yan mishan, shi ya yi masa ƙyauren lokacin aure, da katakon maɗaci mai kauri, ja kamar an shafa masa manja. Mutum ɗaya ba ya ɗaga shi sai da nishi. Ranar da aka ɗora shi a bayan a-kori-kura, mutanen ƙauye suka taru suna dariya, suna tambaya ko a birni an daina yin ƙofa. Ezekiya kansa bai san abin da ya sa ya ɗauko shi ba, ban da cewa ya kasa barinsa.

Ashe bai yi wauta ba. A wancan zamanin, ƙananan masu gidajen haya a Mubi ba su cika sa ƙyaure ba. Mutum ya sayar da sa ko buhunan gyaɗa, ya ɗaga bango, ya rufa kwano, abin hannunsa ya ƙare, sai ya bar ƙofa a hangame. Wanda ya kama ɗakin shi zai kawo ƙyaurensa ya kafa, ranar da zai tashi ya kwance abinsa ya tafi da shi. Babu takarda, babu sa hannu. Muddin ƙyaurenka na jikin ɗaki, ɗakin naka ne, ko da ka koma ƙauye ka yi damina guda kana noma; in ka dawo kwa daidaita da mai gida. Ranar da ka cire shi kuwa, ka yi sallama ke nan, ko ba ka buɗe baki ba. Yawancin 'yan haya da kwanon rufi ko fasasshen duro ake buga musu nasu, abin da mace za ta ɗora a ka ta wuce. Na Ezekiya ne kaɗai sai an nemo baro.

Shi ya sa neman ɗakinsa ya bambanta da na kowa. Yana da igiya a aljihu mai ƙulli biyu, ɗaya tsawon ƙyauren, ɗaya faɗinsa. In dillali ya kai shi gida, kafin ya ɗaga kai ya ga ko rufi na yoyo, kafin ya tambayi ina bayan gida, sai ya ciro igiya ya durƙusa a bakin ƙofa. Wani dillali, Mubashshir, ya taɓa yini yana yawo da shi, har ya gaji ya zauna a kan dakali.

"Baba, mutane farashi suke fara tambaya, kai ƙofa kake aunawa."

"In bai shiga ba, me zan yi da farashin?"

"To a kai wa kafinta ya rage masa taƙi ɗaya mana."

"Kai in takalmi ya matse ka, yatsa kake yankewa?"

Mubashshir ya ce shi dai bai taɓa ganin mutumin da ƙyaure yake nema wa ɗaki ba sai yau.

Ɗakinsu na fari a Kolere yake, inda da damina laka ke cire wa mutum silifa. A nan ya fara wanki da guga. Wani malamin makaranta ne ya ba Dokas kayansa ta wanke, Ezekiya ya ari dutsen guga na gawayi ya goge, malamin ya ga karin wando ya tsaya cak, sai ya kawo abokansa. Wankin a mayo, wato rafin garin, ake yinsa. Da damina ruwan ja ne, farar riga ta shiga ta fito kamar an jiƙa ta a kunu. Da bazara kuma sai an tona yashi ana jiran ruwa ya tsatso. Daga nan suka koma kusa da makarantar Poli, inda ɗalibai ke da riguna amma ba su da lokacin wanke su. Can ma ba su daɗe ba. Ɗalibai sukan haɗu su da yawa a ɗaki guda, su ba da na shekara a dunƙule, wane mai gida ne zai tsaya jiran mai wanki wata-wata? Da aka buɗe jami'a a garin kuwa, ɗaki ya zama kamar nama a shekarar yunwa. Ezekiya ya koyi gane alama: ranar da mai gida ya gaishe ka da fara'ar da ta wuce kima, har ya tambayi lafiyar mutanen ƙauye, to ka fara shafa wa notin ƙyaurenka mai.

A haka, bayan tashi da yawa, suka faɗa gidan Alhaji Gabdo a Nassarawo.

Alhaji Gabdo tsohon dillalin shanu ne, Bafulatani mai ƙarancin magana, kullum yana zaure a kan buzu. Gidansa ɗakuna ne jere biyu suna kallon juna, da bishiyar mangwaro a tsakiya. Igiyar Ezekiya ta shiga ƙofar ɗakin ƙarshe daidai, kamar da ita magini ya auna. Amma ba wannan ne ya fi ɗaukar hankalinsa ba. Kusa da ɗakin akwai rijiya. Ya leƙa, a tsakiyar bazara, lokacin da rijiyoyin unguwa duk sun koma laka, ya ga fuskarsa a ƙasa tana kallonsa.

Mai wanki da rijiya a ƙofar ɗaki, ba sai an yi bayani ba. Wanda ke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa, su yake yi wa aiki, shi dai ya sha kumfa. Dokar gidan guda ce a kan rijiyar: ta masu kwana a gidan ce. Alhaji ya ce in ya buɗe ta ga unguwa, kafin azahar za a ga ƙasanta. Sauran dokokin na zaman haya ne da kowa ya sani: sharar tsakar gida bi da bi, wankin bayan gida bi da bi, rigimar wuta duk ƙarshen wata a kan wane ne ya ɓoye abin dafa ruwa a ƙarƙashin gado. Wannan rigimar ba ta taɓa shafar Ezekiya ba, shi da gawayi yake aiki. Masu zuwa masallaci da masu zuwa majami'a duk igiyar shanya ɗaya suke amfani da ita, sai dai an san ranar Alhamis ta manyan riguna ce, Asabar kuma ta kwat da fararen zannuwan mata masu zumunta.

A wannan ɗakin 'ya'yansu, Justice da Alice, suka girma har suka kama gabansu. Ezekiya ya daina yawo da igiya a aljihu. Dokas ta ɗaure ƙafar kaza da ita wata rana, bai ma yi magana ba.

Sannan shekarun nan suka zo. Aka sa dokar hana fita, aka hana hawa babur, aka fara ganin mutane suna shigowa daga arewa da ƙunshi a ka, ba sa son a tambaye su komai. Wasunsu sukan zauna a gindin mangwaron su sha ruwa, Ezekiya yana guga yana saurare. Daga bakinsu ya ji wani abu da ya zauna masa a rai: mutanen nan da ba a son kiran sunansu, in sun shiga gida, ɗakin da ke buɗe su leƙa su wuce, wanda ke kulle kuwa da gatari suke buɗe shi.

Ƙarshen watan Oktoba na 2014, da safe, ya jiƙa kaya ke nan sai ƙarar harbi ta taso daga bayan gari. Ba irin wadda aka saba ji ba ce. Kafin ya tsame hannu daga kumfa, titi ya cika da mutane. Gidan ya watse, su Matiyu da Nafisatu da sauran 'yan haya kowa ya danna kwaɗo a ɗakinsa ya fita. Dokas ta fito da ƙunshi a ka, ta tarar da mijinta a durƙushe da sukudireba.

"Baban Justice, me kake yi?"

"Ina zuwa."

"Ina zuwa? Duniya na gudu, kai ka tsaya kwance ƙofa?"

"Za su sare shi."

"To su sare mana! Shi zai binne ka?"

"Kama can."

Ta ajiye ƙunshin ta kama. Ya taka turmi, ta turo daga ƙasa tana faɗin abin da ba a maimaitawa, har suka kwantar da ƙyauren a kan rufin ɗakin. Ya jawo duwatsun da ake danne kwano da su ya jera a kai. Daga ƙasa ba abin da ake gani sai duwatsu, kamar na kowane rufi a unguwar. Ya ƙulle notin a hankici ya sa a aljihu, ya ɗauki dutsen guga, suka bi bayan mutane zuwa wajen duwatsun kan iyaka.

Abin da suka gani a hanya, shi ba ya faɗa, mu ma sai mu bar shi. Sun kwana a ƙasar Kamaru, sun kwana a harabar wata majami'a a Yola. A duk tsawon zaman nan, in Ezekiya ya taɓa aljihu ya ji notin, sai hankalinsa ya ɗan kwanta. A ganinsa ya yi dabara. Bai taɓa kawo wa ransa abin da ƙofar da ya bari a hangame take faɗa wa duk wanda ya gan ta ba.

Sai bayan sabuwar shekara suka dawo. Garin yana nan, amma kamar mutumin da ya tashi daga doguwar jinya. Suka shiga gidan Alhaji Gabdo. Ɗakunan duk an taɓa su: wannan ƙyauren an tsaga shi biyu an ɗaure da waya, wancan an tokare shi da dutse. Ezekiya ya fara ɗaga kai sama. Duwatsunsa na nan yadda ya jera su. Sannan ya sauke ido, ya ga buhunan da aka ɗinke an rataya a ƙofar ɗakinsa, da takalman yara a bakin ƙofar, da wata mata tana jan ruwa a rijiya.

Ya koma zaure.

"Jaɓɓama, Ezekiya," in ji Alhaji Gabdo, yana yi masa maraba da Fulatanci. "Kun dawo da rai."

"Mun dawo, Baba Alhaji. Yaya muka same ku?"

Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, suka ambaci waɗanda suka dawo, suka yi shiru a kan waɗanda ba su dawo ba. Sannan Ezekiya ya ce, "Na ga baƙi a ɗakina."

Alhaji ya gyara zama. "Da na dawo na bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya. Na Matiyu an sare shi, rabi na rataye, na ɗaure masa. Na Nafisatu an ɓalle kwaɗo, na tura na sa dutse. Waɗannan ko shekara za su yi, ɗakinsu na jiransu. Da na zo naka, ba ƙyaure, ba tsaga a katako, ramukan noti fes. Na ce Ezekiya ya yi mana sallama."

"Ban yi sallama ba, Baba Alhaji. Gudu na yi."

"Kowa gudu ya yi."

Alhaji yana jan carbi, idonsa a kan titi. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ko dai su ne suka kwance shi? Wa ya sani, ƙila akwai masu haƙuri a cikinsu, masu yawo da sukudireba."

Ezekiya ya gane hanyar da tsohon ya buɗe masa. In su ne suka cire, to shi bai yi sallama ba, ɗakin nasa ne, matar nan da yaranta sai su nemi wani wuri. Ya ji ƙullin hankicin yana danna masa cinya.

"Ni na kwance shi."

"Yana ina?"

"Yana kan rufin."

Alhaji Gabdo ya juyo ya dube shi, ya dubi cikin gida, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Mutanen gidan sun ce tun da aka dawo ba su ji dariyarsa ba sai ranar. Da ya share ido ya ce, "Sunanta Margret, daga wajen Michika suka fito. Da bakina na ba ta ɗakin, a gaban mutane. Ba zan fitar da mace da yara ba. Amma ka ga ba ta kafa komai ba, buhu ne. Ta ce in hanya ta buɗe gida za ta koma. Ranar da ta tafi, ka mai da abinka, ba wanda zan ba."

A waje Dokas ta tare shi, don ta ji komai daga bayan zaure.

"Tsoho ya buɗe maka hanya, ka ƙi bi."

"Da hannunki aka ɗora shi."

"Hannuna magana yake yi?"

Suka sauka a barandar majami'arsu tare da wasu. Ezekiya ya nemi sabuwar igiya ya yi mata ƙulli biyu, ya koma bin dillalai. Garin da ya sani ya canza. Waɗanda ƙauyukansu ba su zaunu ba duk sun taru a Mubi, ma'aikatan agaji sun zo da motocinsu sun kama gidaje masu kyau, waɗanda aka tasa daga can suka gangaro suka kama na talakawa. Masu gidaje sun fara sa ƙofar ƙarfe da kansu, suna neman na shekara kafin ka leƙa. Wani ya dubi igiyar ya tambaye shi ko akuya yake nema. Da ƙyar ya samu ɗaki a can ƙarshen unguwa, bayan falwayar wuta ta ƙarshe, a gidan da ba rijiya, ba inuwa.

Ranar da ya zo ɗaukar ƙyauren, ya aro tsani da baro, Matiyu ya riƙe masa. Yana cikin sauke duwatsu Margret ta fito da gudu, da muciya a hannu. Doguwar mace ce, ramammiya, mai murya.

"Kai! Baba! Me kake nema a kan ɗakina?"

"Kayana."

"Kwanon ne kayanka? Mai gida! Ku zo ku ga, ana yaye mana rufi!"

Sai ga ƙyauren yana sulalowa, rana ta cinye jan, tsuntsaye sun yi masa ado. Ta ja da baya ta dafe ƙirji.

"Yesu! Duk watannin nan wannan abin yana bisa kanmu? Shi ya sa rufin ke nishi in an yi iska. Ni ina ta addu'a, na ɗauka wani abu ne ya biyo mu."

Matan gida suka fashe da dariya. Ezekiya ya jingine ƙyauren a bango yana goge shi da tsumma. Daga cikin ɗakin ya ji tarin yaro. Ya dubi buhun da iska ke kaɗawa, ya dubi ramukan notin da ke jikin katakon ƙofar, suna nan yadda ya bar su.

"'Yata, yaranki na tari, ga sanyi. Bari in kafa miki shi. Aro."

Margret ta sa muciyar a hammata. "Baba, ni baƙuwa ce, amma ba kurma ba ce. Matan gidan nan sun gaya mini yadda ake yi. Ka kafa yau, gobe ni ce a titi."

"Ban yi wannan tunanin ba."

"To kada ka fara."

Ko ya yi tunanin ko bai yi ba, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa. Ya ɗora ƙyauren a baro ya tura.

Bazara ta shigo. A sabon gidan, ruwa sai na 'yan garuwa, su kuma a wannan shekarar sai ka roƙe su kafin su tsaya. Ezekiya ya fara ɗauraya sau ɗaya maimakon yadda ya saba, fararen kaya suka fara dusashewa. Wani ma'aikacin asibiti da ya daɗe yana kawo masa kaya ya karɓi rigarsa, ya ɗaga ta a rana, ya tafi, bai sake dawowa ba. Ezekiya ya gwada komawa mayo, ya tarar ƙugunsa ba na tonon yashi ba ne yanzu.

Dokas ce ta ɗaura gyale wata safiya ta fita ba ta faɗi inda za ta ba. Ta samu Margret tana tsince wake a bakin ƙofa.

"Ke, mai ɗakinmu."

"Mama, in faɗa kika zo yi, ki bari in gama waken."

"Ni na yi kama da mai ƙarfin faɗa? Hannunki na zo gani. Kin iya wanki, ko irin na mutanenku ne, a tsoma a tsame?"

"Mutanenmu? Mu da muke koya wa 'yan Betso saka takalmi?"

Kafin waken ya nuna sun gama magana. Margret mai kwana a gidan ce, rijiya halal ɗinta ce. Ita za ta wanke ta shanya, Ezekiya ya kawo kaya da safe, ya kwashe da yamma ya goge a can, abin da aka samu a raba. Matiyu ya je ya tsegunta wa Alhaji cewa ana wanke kayan waje da ruwan gida. Alhaji ya ce shi ya ce rijiya ta 'yan gida ce, bai tuna ya ce sai rigar 'yan gida ba.

Haka aka ci gaba. Ba a ƙoshi ba, amma ba a kwana da yunwa ba. Kullum da safe Ezekiya zai shigo da ƙunshi a ka, ya yi sallama a ƙofar ɗakin da ya yi shekaru yana shiga ba sallama. Kuma kullum, kafin ya sauke ƙunshin, idonsa sai ya fara sauka a kan buhun nan. Buhun ya yage, Margret ta ɗinke. Ya sake yagewa, ta sami tamfol ta rataya. Duk ɗaya ne a wurinsa, muddin ba ƙyaure ba ne. Yakan tambaye ta labarin gida, wai ko an ji hanya ta yi kyau, ko mutane sun fara komawa noma. Ita kuma takan amsa, "An ce, Baba," ta ci gaba da cuɗa riga. Ta san abin da yake tambaya, ya san ta sani.

Shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta. Gab da damina, Margret ta bar yaran wurin Nafisatu ta hau mota ta tafi ganin gida. Ezekiya ya yi waɗannan kwanakin yana wankin da kansa a bakin rijiyar, da izinin Alhaji. Dokas ta lura yana waƙar majami'a a ƙasan maƙoshi. Ta kuma gan shi yana shafa wa notin ƙyaure mai.

Margret ta dawo ba ta kawo ko ƙullin kuka ba. Matan gida suka tambaye ta yaya gida, ta ce gida yana nan, ta shiga ɗaki. Ba a ji muryarta ba ranar, ba a ji ta washegari ba. Wanda ya je neman danginsa da gidan da ya bari ya dawo da wannan shirun, ba a sake tambayarsa.

Kwanaki kaɗan bayan haka, da yamma, Ezekiya ya zo kwasar kaya ya tarar da abu a jingine a bangon ɗakin. Ƙyaure ne na kwanon rufi, an buga shi a kan siririn katako, sabo, yana ƙyalli. Margret na tsaye kusa da shi da ƙusoshi da hinji a cikin leda. Ba ta yi tsiwar da ta saba ba.

"Baba, kafintoci duk sun tafi aikin masu agaji, ba mai kula ni. An ce duk unguwar nan ba wanda ya kai ka iya kafa ƙofa."

Nafisatu ta daina daka. Daga zaure ana hango gefen rawanin Alhaji, bai motsa ba.

Ezekiya ya sauke ƙunshin a hankali. Ya daɗe yana kallon rijiyar. Sannan ya matsa ya ɗaga ƙyauren da hannu ɗaya, ya jijjiga shi, ya ji yana kaɗawa kamar faranti.

"Wa ya buga miki wannan?"

"Wani ne a bakin kasuwa."

"Ya cuce ki a katako. Kawo guduma."

Ya sa ta riƙe, ya saka tsinken itace a ƙasa don kada ƙyauren ya riƙa jan ƙasa. Bai bi tsofaffin ramukan ba, sun yi wa ƙusoshinta faɗi, sai ya huda sababbi a gefensu. Ya buga na sama, ya ja da baya ya duba, ya cire ƙusa ɗaya da ta karkace ya miƙar da ita a kan dutse ya sake bugawa. Bai yi sauri ba, bai kuma yi aikin ganin ido ba. Da ya gama ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe.

"Shiga ki sa sakata in gani."

Ta kira yaran suka shiga. Ƙyauren ya rufu, aka ji sakata ta faɗa. Ya sa kafaɗa ya tura daga waje, bai motsa ba.

"Ya yi," in ji shi. "Ki riƙa ɗiga masa man gyaɗa in damina ta kama."

Daga ciki ta ce wani abu, muryar ba ta fito sosai ba. Bai tsaya ta maimaita ba. Ya tattara busassun kaya daga igiya, ya ƙulle, ya ɗora a ka. A zaure Alhaji Gabdo ya ɗaga ido.

"Sai gobe, Ezekiya?"

"Sai gobe, Baba Alhaji. Akwai fararen kaya, da wuri zan zo."